Kwamfutar Allo Da Na'urar Karatu: Wacce Ta Dace Da Mai Koyon Malanta?

Jama'a, da wuya mutum ya yi mako guda a kwalejin nan bai ji ana gardama a kan waɗansu na'urori biyu ba. Ta fari ita ce kwamfutar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, waɗansu kuwa kowace iri suka gani sai su ce mata iPad. Ta biyu ita ce na'urar karatu, wadda aka fi saninta da sunan Kindle. Ɗalibai da dama sun tambaye ni ko sayen ɗayansu yana da amfani, in kuwa yana da shi, wacce za su saya. Shi ya sa na ga ya kamata in yi amfani da filin nan in bayyana abin da na sani.

Maganar ba ta wasa ba ce. Kuɗin da ɗalibi zai ba da a kan irin wannan kaya, sau da yawa uba ne ya sayar da buhunan masara, ko uwa ta kwashe adashinta. Galibi kuma sau ɗaya tak za a yi masa wannan hidima cikin shekara ukun da zai yi yana neman takardar NCE. In ya sayi abin da bai dace da aikinsa ba, shi ke nan, sai dai haƙuri. Saboda haka kafin a kwance bakin jaka, ya kamata a san ko wace ce wace.

Asalinsu

Kwamfutar allo dai faifai ce mai fuskar gilashi, ba ta da maɓallan rubutu, da yatsa a ke sarrafa ta. In an auna fuskarta daga kusurwa zuwa kusurwa, a kan sami inci 8 zuwa 13. Kusan duk abin da wayar zamani ke yi tana yi, sai dai ta fi waya faɗi. An yi irinta tun da daɗewa, amma ba ta game duniya ba sai da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad a watan Afrilu na 2010. A cikin shekarar nan kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da tasa, Galaxy Tab, mai aiki da manhajar Android. Daga nan sauran kamfanoni suka bi, har yau ga na Tecno da itel da Infinix da Lenovo cike da kasuwanninmu.

Na'urar karatu kuwa ta girmi iPad. Kamfanin Sony ya fara sayar da irinta a Japan a 2004. Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamba na 2007, sa'an nan Kobo na Kanada ya biyo baya a 2010. Yawancinsu inci 6 ne ko 7, ba su da nauyi, suna shiga aljihun babbar riga. Aiki guda aka yi su dominsa, watau karanta littafi.

Wanda ya hango su daga nesa sai ya ce 'yan uwa ɗaya ne. Amma in ka matso, bambancinsu duk yana ga fuska, kuma daga nan ne sauran bambance-bambancen suka samo asali.

Yadda Fuskokinsu Ke Aiki

Fuskar yawancin kwamfutocin allo tana da fitila a bayanta. Gaban fitilar akwai miliyoyin ɗigo-ɗigo ƙanana, ja da kore da shuɗi, waɗanda ke buɗewa da rufewa don su bar haske ya wuce. Hoton da ka ke gani ana sabunta shi kamar sau 60 cikin daƙiƙa guda, ko fiye. Wannan shi ya sa ta ke nuna launi mai kyau, ta ke kuma nuna hoto mai motsi ba tangarɗa. Amma fitilar nan tilas ta yi ta ci muddin kana kallo, kuma hasken cikin idonka ya ke shiga kai tsaye. In ka fita da ita tsakar rana, hasken rana ya rinjayi nata, sai ka ga fuskarka a gilashin maimakon rubutu.

Fuskar na'urar karatu dabam ta ke. Ana kiran fasaharta tawadar lantarki. Waɗansu masana ne na jami'ar MIT ta Amurka suka ƙago ta, suka kafa kamfanin E Ink a 1997. Ga yadda abin ya ke. An shimfiɗa waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kaurin kowace bai wuce na silin gashi ba. Cikin kowace ƙwaya akwai ruwa garai, cikin ruwan kuma akwai gari iri biyu, fari da baƙi. Lantarki iri ɗaya yana jawo farin ya ture baƙin, ɗaya irin kuma yana yin akasin haka. In an so wuri ya yi fari, sai a sa farin gari ya taso sama, baƙin ya nutse. In an so harafi, sai baƙin ya taso. Da zarar sun zauna, shi ke nan, ba su ƙara bukatar wuta sai an zo juya shafi.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan nan da nan. In ka rubuta allonka tawadar ta bushe, rubutun yana nan ko ka jingine shi mako guda, ba ya cin kome, sai ranar da ka wanke ka sake wani. Haka na'urar karatu ta ke. Hasken ɗaki ko na rana shi ke sauka a kanta ka gani, kamar takarda, don haka ƙarƙashin bishiya da tsakar rana ta fi fitowa sarai. Tun wajen 2012 aka fara sa musu 'yan fitilu a gefe, masu watsa haske bisa shafin, domin karatun dare.

To, ga ribar kowacce da hasararta. Kwamfutar allo mai kyau ta kan yi kamar awa 10 ana aiki da ita kafin ta nemi caji, masu araha ba su kan kai haka ba. Na'urar karatu kuwa ta kan yi makonni. Amma garin nan da ke cikin ƙwayoyi ba ya tashi da sauri. Juya shafi ya kan ɗan ja lokaci, wani sa'i fuskar ta yi walƙiya baƙi ƙirin kafin sabon shafi ya zauna. Hoto mai motsi ba ya yiwuwa yadda ya kamata. Yawancinsu fari da baƙi ne da toka-toka hawa 16. A 2024 Kobo da Amazon sun fito da masu launi, amma launin a koɗe ya ke, kamar na tsohuwar jarida.

Ido Da Barci

Masu sayar da na'urar karatu su kan ce kwamfutar allo tana kashe ido. Wannan an yi ƙari. Abin da ke faruwa shi ne, mai kallon fuska mai haske ya kan rage ƙifta ido, sai idon ya bushe ya gaji, wani ma har kansa ya yi ciwo. Maganinsa a rage haske, a ƙara girman rubutu, a riƙa ɗaga kai ana duban nesa bayan kowane minti 20.

Batun barci kuwa akwai bincike a kansa. A ƙarshen 2014 waɗansu likitoci na birnin Boston a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 12. An sa su karatu na awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a iPad da haskenta a ƙure, dare biyar a littafin takarda. Daren da suka yi karatu a iPad barci ya yi jinkirin ɗaukarsu da kamar minti 10, sinadarin da jiki ke fitarwa don jawo barci ya ragu, da safe kuma suka tashi da nauyin jiki. Mutum 12 ba su da yawa, amma darasin a fili ya ke ga mai darasin ƙarfe takwas na safe. In za ka yi karatun dare a kwamfutar allo, dushe haskenta, ka kuma ajiye ta kafin lokacin kwanciya.

Me Mu Ke Karantawa?

Wanda ya tsaya nan sai ya ce, ashe na'urar karatu ta ci gari, tun da karatu ya kawo mu kwaleji. To, a yi hankali. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin ba su tambayi kansu irin karatun da su ke yi ba.

Littattafan lantarki iri biyu ne manya. Akwai irin da a ke kira EPUB, wanda rubutunsa kamar ruwa ya ke, kowane mazubi ka zuba shi sai ya bi siffarsa. In fuska ƙarama ce, layuka su gajarce. In ka ƙara girman harufa, shafuka su ƙaru. Domin irin wannan aka yi na'urar karatu. Akwai kuma PDF, wanda shi kamar tubali ya ke, yadda aka buga shafin haka zai zauna, ba ya tanƙwaruwa.

Yanzu kowa ya duba wayarsa. Takardun darasin da malamai ke aikowa ta WhatsApp, PDF ne. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa, PDF ne. Manhajar koyarwa ta firamare da ta ƙaramar sakandare, PDF ce. Littattafan darasi da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, ta sa a intanet kyauta, su ma PDF ne. Waɗansu ma hoton littafi ne aka ɗauka shafi-shafi da waya, a karkace.

Sai mu yi ɗan lissafi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. Fuskar na'urar karatu mai inci 6 kuwa kamar santimita 9 ce da 12. Watau ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na filin takardar ba. In ka cusa shafin A4 a ciki, harufa su koma kamar ƙwan kiyashi. In ka ce za ka buɗa shi ka riƙa jan shafin hagu da dama, ga fuskar ba ta da sauri, kafin ka gama shafi uku ranka ya ɓaci. Kwamfutar allo mai inci 10 kuwa ta kai kusan rabin A4. In ka kwantar da ita a gicciye, sai ka karanta rabin shafi da girmansa na sosai, ka ja da yatsa ka ga sauran. Taswira da zanen sassan jiki da jadawali mai launi duk suna fitowa. Gaskiya akwai manyan na'urorin karatu, kamar Kindle Scribe mai inci 10 da 'yan kai da ta fito a 2022, har da alƙalamin rubutu, amma kuɗinta ya fi na matsakaiciyar kwamfutar allo.

Sa'an nan ga batun littattafanmu. Kantunan da ke cikin na'urorin nan cike su ke da littattafan Turanci, na Hausa kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma da kuɗin waje a ke biya. Ƙagaggun labaran Hausa na zamani ta WhatsApp da Wattpad su ka fi yawo, waɗannan kuwa aikin waya ne da kwamfutar allo. Har wa yau, ba kowane salon harufa ne ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. In na'ura ta rasa su, sai ta sa ɗan akwati a gurbinsu, ko ta aro su daga wani salo su fito bambaraƙwai. Wannan ya shafe mu 'yan Sashen Hausa, ya kuma shafi 'yan'uwanmu na Sashen Yarabanci da na Ibo, masu harufa da ɗigo a ƙasa.

Ba na cewa na'urar karatu ba ta da abinci. Akwai taskar Project Gutenberg, wadda Michael Hart ya fara a 1971, tana da littattafai fiye da 70,000 kyauta, irin su ayyukan Shakespeare da Dickens. Ɗalibin Sashen Turanci ko na Tarihi zai sami abin da ba zai iya cinyewa ba. Littafin da ba shi da hotuna bai cika wuce megabait ɗaya ko biyu ba, saboda haka na'ura guda ta kan ɗauki dubbai.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Littafin da ka saya a irin kantunan nan, izinin karatu ka saya, ba kamar na takarda ba da za ka ba ƙanenka ko ka sayar. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ta intanet ya janye wani bugu na littafin George Orwell mai suna 1984, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya ba da haƙuri. Nan gida Nijeriya kuma, kantin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a 2023. Kowace na'ura ka ke da ita, littafin da ka ajiye kwafinsa a wurinka shi ne naka.

A Gaban Aji

Mu fa ba karatu kaɗai ya kawo mu ba, koyarwa za mu yi. Nan kwamfutar allo ta yi wa 'yar'uwarta nisa. Mai aikin koyarwa na gwaji yana iya nuna wa yara yadda zuciya ke harba jini, ko yadda ƙasa ke kewaya rana, abin da alli ba ya iya motsawa. Yana iya ɗaukar muryar yaro yana karatu ya sake kunna masa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Yana iya ɗaukar hoton aikin allo kafin a goge, ya ajiye shirin darasinsa da rajistar maki wuri guda.

Amma kada a ruɗe. A ajin da ke da yara 60, fuska mai inci 10 ba ta wuce layi biyu na gaba. In ka ɗaga ta sama, na baya su taso, aji ya hargitse. Dabarar ita ce a raba yara rukuni-rukuni, a ba sauran aiki, a bi su da ita ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa sai malamin da ya shirya darasinsa tun daga gida.

Gwamnatoci ma sun gwada. A 2013 Jihar Osun, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, ta fara raba wa 'yan babbar sakandare wata kwamfutar allo da aka sa wa suna Opon Imo, watau allon ilmi da Yarabanci. Abin da ya ba ta daraja shi ne an zuba mata littattafan darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa tun kafin a raba, yaro na iya aiki da ita ba tare da intanet ba. A wani gefen kuma, rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha cikin ilmi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba ƙananan kwamfutoci fiye da miliyan guda ba tare da an haɗa su da yadda malamai ke koyarwa ba, ilmin yaran kuwa bai ƙaru ba. Watau na'ura mazubi ce, abin da aka zuba a ciki da wanda ke riƙe da ita su ne magana.

Wani ya ce da ni zai sayi kwamfutar allo domin rubuta kundin bincikensa na shekarar ƙarshe. Na ce masa ya sake shawara. Buga shafi 50 a kan gilashi da yatsa biyu azaba ce. Ana iya haɗa ta da maɓallan rubutu, amma in ka tara kuɗin biyun, ka kusa kuɗin kwamfutar cinya ta hannu, wadda ta fi ta iya tsara shafi da jadawali. A tuna kuma, tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta a ke yinta, jarrabawar rajistar malamai ta TRCN ma haka. A zaurukan nan maɓallan rubutu da linzami za ka tarar. Shafa gilashi ba zai koya maka su ba, kai ko yaran da za ka shirya.

Kasuwa Da Ɗakin Karatu

Akwai aibi guda na kwamfutar allo da ba a rubuta shi a jikin kwali. Ita kasuwa ce. Ka buɗe littafin Falsafar Ilmi, ba ka kai shafi biyu ba saƙo ya shigo. Ka ce bari in duba, daga nan sai ƙwallo, daga ƙwallo sai fim, kafin ka farga an kira asuba. Taura biyu ba ta taunuwa. Na'urar karatu kuwa kamar ɗakin karatu ce da aka rufe ƙofa, ba mai sallama. Rashin iyawarta shi ne babban amfaninta.

Wanda ya sayi kwamfutar allo yana iya rufe wa kansa ƙofa in ya so. Kada ya sa mata WhatsApp da Facebook da TikTok, ya bar su a waya. Ya sauke abin da zai karanta, ya kashe intanet, ya sa wayar a aljihun jaka. Mai iya wannan ya sami ribar na'ura biyu da kuɗin ɗaya. Wanda ya san ba zai iya ba, ya faɗa wa kansa gaskiya tun kuɗin na hannunsa.

Kuɗin Da Ba A Faɗa A Kanti

Ba zan kawo farashi ba, domin kayan nan daga waje su ke zuwa, kuɗinsu yana bin canjin dala. Amma kowa ya sani bayan kuɗin saye akwai na riƙo. Kwamfutar allo tana bukatar riga da gilashin kariya, domin faɗuwa ɗaya a siminti ta isa. Tana shan data fiye da waya, musamman wajen hoto mai motsi. Tana son caji kusan kullum, in ba wuta sai ka biya mai janareta, ko ka sayi fawa banki ko ƙaramar sola. Batirinta kuma yana tsufa, bayan shekara biyu ko uku za ka ga ya rage riƙo, zafi kuwa yana gaggauta masa, don haka kada a bar ta a rana ko a ƙarƙashin matashi tana caji.

Na'urar karatu ba ta da wannan ci. Caji ɗaya, sai ka manta inda ka ajiye wayar cajin. Malamin da aka tura ƙauyen da babu lantarki zai san darajar wannan. Amma ita ma tana da nata. Yawancinsu ba su ɗaukar sim, sai ka ba su intanet daga wayarka, ko ka zuba littattafai daga kwamfuta. In kuwa fuskarta ta fashe, ka shiga uku. Masu gyara a Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano sun saba da kwamfutar allo, kayan gyaranta na samuwa, amma fuskar tawadar lantarki sai an sha nema.

Shawarata

Na kasa mu kashi uku.

Kashi na fari, wanda yawancin karatunsa PDF ne da zane da taswira, yana kuma son abin da zai taimake shi a gaban aji. Mafi yawanmu nan mu ke. In da hali, kwamfutar allo ta cancanci saye, ita ce kuma ta fi dacewa da shi.

Kashi na biyu, mai cin dogayen littattafai, wanda ya kan zauna awa biyu ko uku bai ɗaga kai ba, yana karanta Turanci sosai, wataƙila kuma zai yi aiki inda wuta ba ta isa. Wannan na'urar karatu za ta yi masa shekaru tana biyansa.

Kashi na uku, wanda ba shi da kwamfuta kowace iri, ga kundin bincike na tafe. Wannan ya haƙura da duka biyun, ya tara kuɗinsa ya sayi kwamfutar cinya, ya ci gaba da karatu a waya da ɗakin karatun kwaleji.

In ba ka san kashin da ka ke ba, ga gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Ka yi wata guda kana rubuta abin da ka karanta a wayarka kowace rana, da irinsa, da minti nawa ka yi. In wata ya ƙare ka duba. In ka ga kana karatu sosai, ƙanƙantar fuska ce kawai ke damunka, to kana da dalilin saye. In kuwa takardar ta tashi fayau, na'ura ba za ta sa maka son karatu ba, za ta ƙara maka wurin kallo ne kawai.

Wanda ya yanke shawarar sayen kwamfutar allo, ga abin da zai duba. Fuska ta kai inci 10. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda a ke kira RAM, kada ta gaza gigabait 4, ma'ajiya kuma 64, in da wurin ƙara katin ajiya ya fi. Ya tambaya ko tana ɗaukar sim. Ya guji mai tsohuwar manhaja da kamfani ya daina sabuntawa, domin sababbin manhajoji za su ƙi hawa, araha kuwa ba ta ado. In ta hannu ce, kada ya biya sai mai ita ya cire asusunsa a gabansa, musamman iPad, domin wadda ke kulle da asusun wani ba ta da amfani sai dai a ɗora kofi. Ya karɓi rasit, don kada ya sayi kayan sata. Kowacce kuma zai saya cikin biyun, ya tafi da takardar darasi guda ta PDF da wani rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, a buɗe masa a kanti ya karanta da idonsa. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana, kada kowa ya matsa wa iyayensa don ya ga abokin ɗakinsa na yawo da faifai a hammata. Yaran da za a damƙa mana gobe ba za su tambaye mu abin da ke cikin jakarmu ba, abin da ke cikin kanmu za su nema. Wanda na'ura za ta ƙara masa wannan, ya saya, Allah ya sa albarka. Wanda bai samu ba kuwa, ɗakin karatu na nan a buɗe, ba a biyan kuɗin caji.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.